Lif ɗin jirgi na laba 5,000: yaya zan gyara shi ya ɗauki fantun mai ganga uku?

Baban Amira

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin lif, wato injin da ake kafawa a bakin tafki don ɗaga jirgi sama da ruwa idan an dawo daga yawo. A jihar Minnesota nake.

Lif ɗin na alminiyom ne mai ƙafafu huɗu, gadonsa yana hawa a tsaye da kebul da winci. An rubuta laba 5,000 a jikinsa. Faɗin cikinsa inci 120, tsakanin bim ɗin gaba da na baya, wato ƙarafan da ke gicciye a gadon, kuma ƙafa 10. Na hannu ne, daga wani tafki aka ciro shi, kuma sanduna biyun da ke kansa, inda jirgi ke zama, na jirgi ne mai tsinin ciki.

Jirgin da zai hau kai fantun ne, wato dandamali da ke iyo a kan dogayen ganguna, mai ganga uku, wanda Amurkawa ke kira tritoon. Tsawonsa ƙafa 22, faɗi ƙafa 8 da inci 6. Gangunan gefe kaurinsu inci 25, ta tsakiya inci 27. Daga tsakiyar gangar dama zuwa tsakiyar ta hagu inci 76. Akwai fika-fikan alminiyom da aka yi wa walda a cikin gangunan gefe da kuma ɓangare biyu na ta tsakiya, akwai silin na alminiyom a ƙarƙashin dandamali. Takardar kamfani ta ce nauyinsa laba 2,700. Injinsa doki 150 ne, tankin mai galan 40 yana cikin gangar tsakiya ta baya, batir biyu.

Zurfin ruwa a wajen ƙafafun baya inci 42 ne a watan Yuli, amma yakan sauka zuwa 36 a Satumba. Ƙasan yashi ne da ɗan taɓo.

Shin lif ɗin zai ɗauka? Sannan a ƙarƙashin ganguna ya kamata in tallafe shi ko a ƙarƙashin dandamali? Wani ya ce mini in yi wa gangunan gefe mazauni kawai, ta tsakiya ta yi lilo, ba komai. Hankalina bai kwanta da wannan ba.

Injiniyan Tafki

Wa alaikumus salam Baban Amira. Allah ya sa albarka, ya kiyaye hanya.

Laba 2,700 ɗin nan busasshen nauyi ne: babu inji, babu mai, babu batir. Injin doki 150 mai bugu huɗu yana tsakanin laba 450 zuwa 500, mu ɗauka 480. Galan ɗaya na fetur kusan laba 6 ne, cikakken tanki ke nan 240. Batir biyu wajen 110. Anga, igiyoyi, rigunan ceto, kular abinci da murfin jirgi, sa 250, don kaya kullum ƙaruwa suke yi. Jimla 3,780. Sabbin sandunan da maƙalansu ma a kan gado za su zauna, kebul ne zai ja su, su ma wajen 220. Ka kai laba 4,000, kimanin kilo 1,800. Kashi 80 cikin 100 ke nan na ƙarfin lif ɗin, kuma nan ne iyakar da masu wannan aiki ke son a tsaya. Zai ɗauka, amma babu rarar da za a ɗaga jirgin da mutane a ciki. Manya huɗu kaɗai sun cinye mafi yawan abin da ya rage. Haka ruwan sama idan ya taru a murfi: galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne.

Abin da ya fi lalata lif a aikin nan shi ne inda nauyin ya zauna. Laba 5,000 ɗin da aka rubuta yana nufin 2,500 a bim ɗin gaba, 2,500 a na baya. Fantun mai ganga uku nauyinsa a baya yake. Ga ƙiyasi, ana aunawa daga ƙarshen dandamali ta baya: jikin jirgi 2,700 a ƙafa 10, inji 480 a ƙafa ɗaya da rabi bayan dandamalin, mai 240 a ƙafa 3, batir 110 a ƙafa 2, kaya 250 a ƙafa 9. Ka ninka kowane nauyi da nisansa, ka haɗa, ka cire na inji tunda shi a baya ya faɗo, ka raba da 3,780. Zai ba ka kusan ƙafa 7.8. Tsakiyar tsawon jirgin kuwa ƙafa 11 ce.

To, idan ka yi abin da ido ke so, ka daidaita tsakiyar jirgi da tsakiyar gado, bim ɗin baya zai faɗo a ƙafa 6, na gaba a ƙafa 16. Na baya zai ɗauki kashi 82 cikin 100, wato laba 3,100 a inda aka yi don 2,500. Kebul ɗin baya zai riƙa ƙara, fuli zai ci ta gefe ɗaya, ƙafafun baya su nutse cikin taɓo, gado ya karkace. Daidai shi ne bim ɗin baya ya zauna kusan ƙafa 3 daga ƙarshen dandamali, na gaba kusan ƙafa 13, hancin jirgi ya wuce gaba da ƙafa 9. Ido zai ce ya yi gaba da yawa, amma haka ya kamata.

Ƙafa 10 ɗin da na sa wa jikin jirgi zato ne. Don ka tabbatar, kai tirela sikelin manyan motoci sau biyu, da jirgi a kai da kuma babu. Kowane karo ka ɗauki nauyin da ke kan tayoyin tirela daban, na kan wuyanta daban. Bambancin shi ne rabon jirgin a kowane wuri. Ka ninka rabon wuya da nisan da ke tsakanin wuya da tsakiyar aksul, ka raba da jimlar nauyin jirgi. Abin da ya fito shi ne nisan cibiyar nauyi a gaban aksul. Ka sa alamar tef a gefen dandamali a wurin, ita za ka riƙa daidaitawa da tsakiyar gado.

Game da tambaya ta uku, kada ka bar gangar tsakiya tana lilo. A jikinta aka ɗaura inji, a cikinta mai yake. A cikin ruwa, ruwan ne ke tallafe ta. Idan ka ɗaga ta gefe biyu kawai, ita da laba 700 na inji da mai za su rataya a haƙarƙarin dandamali dare da rana tsawon bazara. Ba rana ɗaya abin zai nuna ba. Sannu a hankali bol ɗin maƙalan ganga su saki, ƙofar baya ta fara ƙin rufuwa, walda ta tsage a wajen mazaunin inji. Duba tirelar irin wannan jirgi, za ka ga an yi wa ta tsakiya nata sandunan.

Kayan da za ka nema: sanduna shida, biyu ga kowace ganga, a kwantar da su su yi kwari ganga ta zauna a ciki. Tsawon kowace ƙafa 14 ya isa, ƙafa biyu da rabi su leƙo bayan bim ɗin baya, ɗaya da rabi a gaba. Maƙalai 12 masu hawa da sauka, masu juyawa kuma, don fuskar sanda ta kwanta a jikin ganga. Bol 24 na inci 3/8 ko rabin inci da faranti masu matse bim. Kada ka huda bim da diril, musamman leɓensa na ƙasa, don nan ne ƙarfen ke miƙewa idan an ɗora kaya, rami a wurin mafarin tsagewa ne. ShoreMaster, Hewitt, Floe da ShoreStation duk suna sayar da kayan fantun mai ganga uku na lif ɗinsu. Idan naka na ɗaya daga cikinsu ne, sayi nasu, don an yanka maƙalan daidai da girman bim.

Tazarar sanduna biyu a ƙarƙashin ganga mai inci 25 tsakanin inci 8 zuwa 12 take, amma fika-fikai ne za su yanke hukunci. Sanda ta taɓa zagayen ganga, tsakanin ƙashin da ke bin ƙasanta da fiffike. Kada fiffike ya hau sanda ko kaɗan, ba a yi shi don ɗaukar kaya ba, lanƙwashewa zai yi ko ya ja walda ya buɗe ƙofar ruwa. Haka tsinin hancin ganga, sanda ta ƙare kafin inda ganga ta fara tsukewa.

Malam Mai Walda

Injiniya, lissafinka na nauyi babu gyara. Amma ka tsallake zurfin ruwa, kuma a ganina nan ne matsalar Baban Amira take.

Idan gado ya sauka ƙasa gaba ɗaya, saman bim yakan tsaya wajen inci 10 daga ƙasan tafki, ya danganta da yadda aka saita ƙafafu. Maƙali da sanda su ƙara inci 7. Gangar tsakiya a baya, da cikakken tanki da mutane a kujerun baya, za ta iya nutsewa inci 17. Sai inci 3 na rara saboda igiyar ruwa. Inci 37 ke nan. A Yuli lafiya lau. A Satumba da ruwa ya koma 36, jirgin zai riƙa gogar sanduna wajen shiga, wata rana ma ya ƙi sauka daga kai sai an sauke mutane an tura shi da hannu. Turawar nan ita ke karce ganga.

Saboda haka kada a yi saurin watsar da ɗagawa ta ƙarƙashin dandamali. A wannan tsari ana kafa sanduna biyu dogaye a kan ginshiƙai, su shiga ramuka biyun da ke tsakanin ganguna, su tokare haƙarƙarin dandamali. Ganguna ba sa taɓa komai, bim kawai za su tsallake da inci 2. Lissafin ya koma 10 da 17 da 2, inci 29. Ka sami inci 8 kyauta. Sandunan kuma suna yi wa jirgi jagora wajen shiga, ganguna suna bushewa ko'ina.

Sai dai ga sharuɗɗansa, ba zan ɓoye ba. Ramin naka inci 12 ne a inda ganguna suka fi kauri: inci 38 tsakanin cibiya da cibiya, a cire 12 da rabi, a cire 13 da rabi. Fika-fikai za su iya rage shi, sai ka sa tef ka auna daga baki zuwa baki. Sanda mai faɗin inci biyar da rabi a rami mai inci 9 ta bar maka ƙasa da inci 2 kowane gefe, ranar iska kuwa wannan ba wasa ba ne. Sannan silin. Falle ne siriri, ya rufe haƙarƙari ba ka ganinsu. Inda ya manne da haƙarƙari babu laifi, amma inda ya bar rata, ko inda aka bi da wayoyi, kebul ɗin sitiyari da tiyon mai a bayansa, sanda za ta murƙushe. Layin kusoshin da suka riƙe silin shi zai nuna maka inda kowane haƙarƙari yake, yawanci inci 16 ko 24 tsakaninsu. Sanda ta kama aƙalla bakwai ko takwas a jere, kuma ta miƙe sosai, in ba haka ba biyu ne kawai za su ɗauki kayan.

A nan gangar tsakiya tana rataye ne, amma matokarai suna dab da ita ta gefe biyu, nisan da nauyi zai bi kafin ya sami tallafi gajere ne. Ya bambanta da ɗagawa ta gangunan gefe inda tazarar ta kai inci 76. Duk da haka ba kowane kamfani ne ya yarda da wannan ba. Baban Amira, rubuta wa kamfanin da ya ƙera jirgin da lambar jikinsa, ka tambaye su ko sun amince a ɗaga wannan samfur ta dandamali, ka ajiye amsar saboda garanti. In sun ce a'a, zance ya ƙare, sai a nemi inci ɗin ta wata hanya.

Yaya Babba

Sannunku da ƙoƙari. Ni a ra'ayina, da inji mai laba kusan 500 da tanki a gangar tsakiya, tallafar ganguna uku ta fi kwanciyar hankali. Matsalar da Malam Mai Walda ya kawo gaskiya ce, amma tana da magani. Gangar tsakiya ce kaɗai ta fi sauka, don haka nata sandunan a kwantar da su dab da bim da gajerun maƙalai, a rage inci 3 ko 4 daga inci 7 ɗin. Na gefe su tsaya sama da su da inci 2. Sannan a ja lif ɗin baya zuwa ruwa mai zurfi. Dole ma a ja shi, tunda hancin jirgi zai leƙo ƙafa 9 gaban bim, yana buƙatar ruwan da zai yi iyo a kai. Galibin bakin tafki idan ka matsa ƙafa 6 ko 8 za ka sami ƙarin inci da yawa. Kuɗin ƙarin sashe ɗaya na gadar katakon da ake bi zuwa lif bai kai na gyaran ganga ba.

Abin da nake so in ja kunne a kai shi ne kayan da za su taɓa alminiyom. Bangon ganga siriri ne, tsakanin inci 0.080 zuwa 0.100 a yawancin jirage, kaurin milimita biyu zuwa biyu da rabi. Kada a yi sanda da katakon da aka jiƙa da maganin gara a lulluɓe da kafet. Tun ƙarshen shekarar 2003 da aka daina sayar da katako mai maganin CCA don aikin gida a Amurka, waɗanda suka maye gurbinsa, irin ACQ, jan ƙarfen da ke cikinsu ya fi yawa. Kafet ya jiƙe, ya tsotso jan ƙarfen, ya manna shi a jikin ganga, sai alminiyom ya fara cin kansa. Za ka ga farin gari da ƙananan ramuka a jere daidai layin sanda, daga nan sai yoyo. Mafi kyau sandar alminiyom mai rufin roba. In katako ne dole, a sami wanda ba a sa wa magani ba, a rufe samansa da farantin roba mai tauri, a nutsar da kawunan kusoshi sosai kada su taɓa ganga.

Bol ɗin duk na ƙarfe mara tsatsa ne, lamba 304 ta isa a ruwan daɗi, 316 sai ga mai ruwan gishiri. A shafa musu man hana kamewa kafin a ɗaure, don irin wannan ƙarfe noti yakan kame a kan bol tun ba a gama ɗaurewa ba, musamman in an yi da injin ɗauri mai gudu. A ɗaure da sufana a hankali. Inda washa za ta kwanta a kan alminiyom, a sa ta roba a tsakani.

Tunda lif ɗin na hannu ne, a canza kebul kafin a ɗora masa laba 4,000, sai in an tabbatar da shekarunsa. A sa safar hannu a bi shi da tsumma, duk inda tsumma ya maƙale akwai zaren da ya tsinke. A duba wajen da yake naɗewa a winci da inda yake lanƙwasa a fuli, nan yake fara mutuwa. Fulin da ya yi kwari ko ya daina juyawa a canza shi tare da kebul, in ba haka ba zai cinye sabon.

Kuma ka ce daga wani tafki aka ciro shi. Dokar Minnesota ta ce lif ko gada su bushe kwana 21 kafin a sa su a wani ruwa, saboda ƙananan koɗin nan masu zane da ake kira zebra mussel. Suna ɓuya cikin ƙafafu da bim masu rami, ka leƙa da tocila.

Baban Amira

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna ramin tsakanin fika-fikai, inci 9 ne a ɗaya, ɗayan 8 da rabi, don haka na bar maganar dandamali. Lif ɗin ya fi wata biyu a tudu. Zan ja shi baya in bi ta ganguna uku.

Abin da ya rage mini: ta yaya zan san gangar tsakiya ta ɗauki rabonta daidai, ba ta fi ba, ba ta gaza ba? Ido ba ya ganin wurin idan jirgi yana kai. Sannan rumfar da ke kan lif ɗin ƙafa 22 ce, za ta yi?

Injiniyan Tafki

Wannan ita ce tambayar da aikin ya rataya a kanta. Abu mai ƙafa biyu duk yadda aka yi zai zauna, amma ganga uku a jere, sai ɗaya ta fi ɗauka in ba a saita ba. Idan sandunan tsakiya sun yi sama da rabin inci kacal, jirgin gaba ɗaya zai hau kansu, ya riƙa rangaji dama da hagu, ganga ta lotsa. Idan sun yi ƙasa da rabin inci, kamar babu su ne. Ga kuma wani abu: bim yana ɗan lanƙwasawa idan kaya ya hau, a tsakiya ya fi yi. Saitin da ya yi daidai babu kaya zai iya barin rata bayan an ɗaga.

Fara a tudu, jirgi yana kan tirela. Kada ka dogara da inci 2 na bambancin kauri, wasu kamfanoni suna ƙara sauke gangar tsakiya da gangan don jirgi ya kwanta a kwana. Sami falankin filawud mai tsawon ƙafa 8, ka yanka samfur na ƙasan ganguna uku har da fika-fikai da ƙashi, ɗaya a inda bim ɗin baya zai faɗo, ɗaya a inda na gaba zai faɗo. Biyu ne saboda fika-fikai ba lallai su kai gaba ba, wata gangar tsakiyar ma siffarta takan sauya a baya. Ka duba ƙarshen ganguna: maƙalin na'urar auna zurfi, toshiyar magudana da bakin famfon ruwa duk a nan suke, sanda ta tsaya kafin ta kai gare su. Da samfur ɗin za ka jera maƙalai a kan bim, ka auna daga tsakiyar bim zuwa waje, inci 38 dama, inci 38 hagu, ka kuma auna kusurwa zuwa kusurwa don sanduna su tafi a layi ɗaya.

A cikin ruwa, fara daidaita lif ɗin kansa. Ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a kan bim biyu da kuma gefuna. Ƙarƙashin kowace ƙafa a sa faranti mai faɗi saboda taɓo. Gadon da ya karkace ba za a taɓa saita sanduna a kansa ba.

Ka saita na gefe a ɗaure su. Na tsakiya ka bar su ƙasa da rabin inci daga abin da samfur ya nuna. Sami ƙullin roba mai laushi irin na masu gyaran famfo, wanda ruwa ba ya narkar da shi, ka manna dunƙule kamar goro a kan sandunan tsakiya, wuri huɗu a kowace, ka rufe da leda kada ya manne a ganga. Shigo da jirgi da cikakken tanki, babu kowa a ciki, alamar tef tana tsakiyar gado. Ɗaga har ganguna su fita daga ruwa da inci 3 ko 4, ka bari minti biyar, ka sauke, ka fitar da jirgin. Kaurin da ƙullin ya koma shi ne ratar da ta rage a kowane wuri, tare da lanƙwasar bim. Ɗaga maƙalan da wannan adadi. Maimaita har ƙullin ya baje kamar takarda a wurare takwas ɗin. Sau biyu ko uku ake yi. A bim ɗin baya za ka iya ƙara siririn weji, kamar kashi ɗaya cikin 16 na inci, don gangar da ke ɗauke da inji ta fara zama. Kada ya wuce haka.

Duk gyaran maƙali jirgi yana waje ake yinsa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin jirgin da ke rataye a kebul, ko na daƙiƙa ɗaya, ko ya zura hannu tsakanin ganga da sanda.

Alamun saiti ya yi: ka tura gefen dandamali da hannu jirgi bai yi rangaji ba, ƙofofin shinge suna rufuwa kamar yadda suke yi a ruwa, kebul na kusurwa huɗu tsaurinsu kusan ɗaya. Bayan mako guda ka sake duba bol da ma'aunin daidaito, don ƙafafu sukan ɗan nutse a kwanakin farko.

Inci 120 da jirgi mai inci 102 sun bar maka inci 9 kowane gefe. Kafa sandunan jagora huɗu masu rufin roba a kan bim, inci ɗaya ko ɗaya da rabi daga gefen dandamali, su leƙo sama da ruwa ko gado yana ƙasa. In babu su, ganga takan hau bakin sanda maimakon ta faɗa kwari, mai ɗagawa bai sani ba sai ya ji ƙara. Ka sa matsayi a gaba ko a gaban inji, don jirgi ya tsaya wuri ɗaya kullum, ƙafar inji kuma kada ta kai ga bim.

Rumfa mai ƙafa 22 ba za ta yi ba. Da inji jirgin ya haura ƙafa 24, sai mai ƙafa 26, kuma ba a tsakiyar lif za ta zauna ba, dole a zame ta gaba yadda jirgin ya zame. In ta leƙo da yawa a gaba tana buƙatar ƙarin matokari saboda iska. Ka auna tsayi daga ƙasan ganga zuwa saman laimar jirgi a naɗe, ka haɗa da tsayin da kake so ya tashi sama da igiyar ruwa mafi girma a wurinku, kafin ka ɗaure ƙafafun rumfar. Kafin ƙanƙara ta kama tafki za a fitar da lif ɗin tudu, don haka ka zana layi da alƙalamin fenti a jikin bim a gefen kowane maƙali, ka rubuta tsayinsa, yadda in wani ya goce wajen ja za a mayar da shi wurinsa ba sai an sake gwajin ƙulli ba.